Shekarar da Muka Kafa wa Mai Tsawa Raga

Tunda aka fara raɗe-raɗin cewa sabon zubin kati yana hanya ban huta ba. Duk saurayin da ya tsaya bakin shagona a Barnawa sai ya miƙo mini waya, wai in duba jerin katin da Turawa suka fitar, shi ne zai kashe kowa bana, in kwafa masa kawai. Fotokwafi kam ina yi, injin yana nan ciki, amma haɗa damin kati aiki ne daban. Tunda kun ɗauka sauƙi gare shi, ku gyara zama ku ji yadda irin wannan jerin ya kusa raba ni da sana'ata.

Ga wanda bai san wasan ba, mutum biyu ne suke zama gaba da gaba, kowa da katinsa sittin. Ku kuna ce wa sittin ɗin nan dek, ni kuwa dami nake cewa, don ɗan manomi ne ni. A cikin dami akwai dodanni, su ne masu faɗa. Akwai katin abinci, wanda in babu shi dodo ba ya ko motsi. Akwai kuma katin dabara, na ɗaure abokin karawa ko ɓata masa shiri. Kamfanin da ke buga su a ƙasar waje yakan saki sabon zubi lokaci-lokaci a fakiti rufaffe, ba ka sanin abin da ka saya sai ka yage. Aikina shi ne mutum ya zube mini duk abin da ya tara, in zaɓar masa sittin da za su zauna lafiya da juna.

Ba da wannan na fara ba. Shekara goma sha tara na yi a masaka a Kakuri ina gadin zare a jikin injin saƙa. Da masakar ta rufe na sayi injin fotokwafi na hannu da injin laminatin, wato mai manne takarda cikin leda, na kama shagon nan. Kun dai san halin garinmu, takardar da ba a sa mata leda ba, to ba a ɗauke ta da daraja ba. Takardar baftisma, ta aure, ta makaranta, har rasit ɗin firiji an taɓa kawo mini. Matata, Mama Rahila, ta fi ni iya injin ledar nesa ba kusa ba, don haka na bar mata shi.

Wadda ta koya mini kati 'yar hidimar ƙasa ce daga Binuwai, Malama Dooshima, sa'ar 'yata ta biyu. Ita da abokanta suka roƙe ni aron bencin da ke gindin mangwaron ƙofar shago, su riƙa wasa ran Asabar. Da farko na zaci caca ce, na yi sati uku ina leƙen inda kuɗin zai fito, ban ga ko kwabo ba. Ana haka idona ya fara ganin tsarin abin, yadda kati ɗaya ke riƙe da wani, kamar dai zare a jikin inji. Na ce ta koya mini. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce to, amma in sani a wannan aji ita ce malama. Ina da shekara hamsin da ɗaya na koma ɗan koyo.

Wata uku ba ta bar ni na haɗa komai ba, sai ware kati cikin kwalayen takalma, dodo nan, abinci nan, dabara nan. Ranar da ta ce in gwada, na kwashe duk manyan dodanni masu haƙora da fukafukai, guda arba'in, na cika da ɗan abin da ya samu, na miƙa mata ina washe baki. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Baba, ka gayyaci manyan baƙi arba'in, ba ka ɗora tukunya ba." Daga nan ta sa mini doka: duk damin da na haɗa sai na cakuɗa shi, na ja bakwai na sama, na rubuta ko za a iya fara wasa da su, in maimaita haka sau hamsin. Har yau ina yi, kuma a nan ne yawancinku kuke gudu, don babu abin burgewa a ciki.

Kayan aikin ba su da yawa. Shimfiɗar roba don kada kati ya goge, kwalaye, littafi da biro, tabarau, sai rigunan kati. Riga 'yar leda ce mai buɗaɗɗen baki, kati ya shiga ya fita yadda aka ga dama. Dokar gasa ita ce duk sittin ɗin su zama iri ɗaya ta baya, kauri ɗaya, don kada yatsan mutum ya gane wani kati yana cikin cakuɗawa. Wanda ya ɗaure katinsa da robar ɗaure kuɗi kuwa, kada ma ya kawo mini, sai mun fara yin faɗa tukuna.

Bayan Malama Dooshima ta gama hidima ta tafi, ni na zama malamin bencin. Sunana ya kai Sabo, ya kai Narayi da Unguwar Boro, har daga Gonin Gora ana hawo keke mai ƙafa uku a zo wurin Baba Ishaya. Kuma ba yara kaɗai ba, akwai malaman makaranta, akwai ma'aikatan gwamnati, akwai mai gyaran janareta. Abin da na gane shi ne dami kamar ɗinki yake, sai an auna mai shi. Mai gajen haƙuri ba a haɗa masa damin da sai an jira, mai mantuwa ba a cika masa dabaru.

Aikin da na fi alfahari da shi na Sista Saratu ne, nas ce a wani asibiti nan kusa. Ba ta da kuɗin bin manyan kati, ba ta da lokacin haddace dogon bayani, amma tana da natsuwa, kuma ba ta mantuwa da lissafi. Na haɗa mata dami na ƙananan dodanni zalla, irin waɗanda abinci ɗaya ya ishe su, waɗanda sauran mutane ke zubarwa a kwali. Muka sa masa suna Kiyashi. Kafin babban dodonka ya gama cin abinci ya miƙe, nata goma sun riga sun hau ka. Shekara biyu tana wasa da shi, ta san kowane kati kamar yadda ta san gadajen ɗakin da take aiki.

Sai shekarar Mai Tsawa ta zo. Wata biyu kafin sabon zubin ya iso, waya ta cika da labarin wani kati guda. Sunansa na Turanci doguwar magana ce, mu Mai Tsawa muka ce masa. Ƙaton maciji ne mai fukafukai, kuma aikinsa shi ne da zarar ya sauka a tebur, duk ƙananan dodannin abokin karawa sun mutu gaba ɗaya. Masu bidiyo na ƙasar waje suna ta rantsuwa cewa wasan ya canja har abada, wanda ba shi da Mai Tsawa ko maganinsa ya zauna gida. Maganin kuwa wani katin dabara ne da muke kira raga, yana ɗaure duk dodon da ke cin abinci biyar zuwa sama. Duk lokacin da aka ɗauke wuta, aikin fotokwafi ya tsaya, sai in zauna in yi ta kallon bidiyon nan har tsoron ya shiga jinina.

Da kayan suka iso, kwali uku kacal wani ɗan kasuwa ya kawo duk ƙetaren gadar nan, wato kudancin Kaduna, kuma a kan bencina aka yage yawancinsu. Fakiti bayan fakiti, babu Mai Tsawa. Can wajen ƙarshe sai ga shi a hannun Mista Bulus, akawu ne a wata ma'aikata, mazaunin Unguwar Boro, mutum mai tsabta da tsari, wanda tunda na san shi bai taɓa wuce zagaye na biyu a gasa ba. Ya ɗaga katin sama kowa ya gani, ya nannaɗe shi a hankici, ya ce wannan da kansa zai haɗa, ba ya son ido. Ya tari keke ya tafi ko sallama babu.

Gasarmu ta shekara saura sati shida, kuma wanda ya ci shi ke wakiltarmu a Abuja. Mutum goma sha ɗaya suka kawo mini katinsu a rikice. Na ce kowa ya kwantar da hankali, karen bana shi ke maganin zomon bana. Na warware abin da na yi shekaru ina ɗinkawa, na cusa wa kowa katin raga goma sha biyar. Sha biyar cikin sittin. Gwajin sau hamsin ma na yi shi, amma tambaya ɗaya nake yi kowane ja: in Mai Tsawa ya sauka, akwai raga a hannu? Akwai, sai in yi alama in ce aiki ya yi.

Sista Saratu kaɗai ta ƙi. Na zaunar da ita na yi mata bayani cewa Kiyashi ya mutu, don musamman saboda irin nata aka ƙirƙiri Mai Tsawa. Ta saurare ni har na gama, sannan ta tambaye ni mutum nawa ne suke da katin a Kaduna. Na ce ɗaya. Ta ce guda nawa ke gare shi. Na ce ɗaya. Ta ce ita ba za ta rushe gida saboda baƙo ɗaya da mai yiwuwa ma ba za su haɗu ba. Raina ya ɓaci, don ban saba a ja da ni a kan bencina ba, kuma gaban mutane. Na ce mata nas ce ita, ya kamata ta fi kowa sanin rigakafi ya fi magani, kuma in aka share ta a zagayen farko kada ta kuskura ta ce daga shagona take. Ta tattara katinta a natse, ta ce, "Na ji, Baba," ta tafi.

Ranar Alhamis kafin gasa na tafi Gonin Gora karɓo rigunan kati wurin wani direba da ya taho da su daga Abuja. Na bar Mama Rahila a shago. Da na dawo na tambaye ta ko an yi ciniki, ta ce ba laifi, an kawo takardu an sa musu leda. Ban ƙara tambaya ba, ita ma ba ta ƙara komai ba.

A zauren wata firamare aka yi gasar, ran Asabar da safe. Alƙalin wani matashi ne da aka turo daga Abuja, kuma kafin a fara sai ya duba damin kowa. Da ya zo kan Mista Bulus kowa a zauren ya miƙa wuya. Alƙali yana cikin zare kati ɗaya-ɗaya sai hannunsa ya tsaya. Ya zaro wani abu mai ƙyalli, mai tauri, ya ƙwanƙwasa shi a tebur, ya yi ƙara kamar katin shaida. Mai Tsawa ne, an manne shi cikin leda mai kauri, an yanke kusurwoyinsa tsaf.

Alƙali ya ce ba za a yi wasa da wannan ba, ko makaho zai gane shi cikin sittin. Mista Bulus ya gyara wuyan rigarsa ya ce shi ma'aikacin gwamnati ne, ya san yadda ake adana abu mai muhimmanci.

"Yallaɓai, takardar aurena shekara ashirin da shida tana cikin leda. Har yau ba wanda ya ce auren ya mutu."

"Oga, ba ruwana da aurenka. Wa ya yi maka wannan aikin?"

"A shagon Baba Ishaya aka yi."

Ban taɓa ganin kawuna sun juyo lokaci ɗaya haka ba, ko a coci in an ce a gaisa da na baya. Ina tsaye da kwalin riguna a hannu, na rasa inda zan sa fuskata. Mista Bulus kuwa da ya ga da gaske ake, sai ya ari reza wurin mai gadin makarantar, duk da alƙali na hana shi, ya tsaga gefen ledar ya ja. Ledar ta fito, fuskar Mai Tsawa da fukafukinsa ɗaya suka biyo ta.

Haka aka fara gasa babu dodon da aka yi wa shiri. Mutanena goma sha ɗaya suka zauna da hannu cike da raga, babu abin kamawa. Na ga wani malamin lissafi da mai gyaran janaretan nan, duka aikina, suna fuskantar juna, kowa na jiran ɗan'uwansa ya saukar da babban dodo, alhali na cire musu yawancin manyan don raga ta samu wuri. Suka yi ta jan kati suna hararar juna har lokaci ya ƙare. Kiyashin Sista Saratu kuwa abinci ɗaya-ɗaya suke ci, raga ba ta da iko a kansu. Ta bi mutanena ɗaya bayan ɗaya ta kwantar, ba hayaniya, kafin ƙarfe uku ta gama da kowa. Ta karɓi kofinta, ta sa a jakar da kayan aikinta suke, ta wuce asibiti don tana da aikin yamma.

A gida na tasa Mama Rahila gaba. Ta ce mutum ya zo da ambulan, takardar ƙarin girma, takardar fili, da wani ɗan hoton maciji, ya ce a sa musu mai kauri, ta sa. "Ka duba aikin ma," in ji ta, "ko kumfa ɗaya babu." Sannan ta ce shekara shida muna shago ɗaya, na taɓa zaunar da ita na gaya mata me ake yi da katin nan? Ban taɓa ba, sai na duƙa na ci tuwona.

Gari ya rabu biyu a kaina. Wasu suka ce makirci ne, ni na sa matata ta kashe Mai Tsawa, na lalata wa kowa dami, na bar na Sista don ta ci. Wasu suka ce ba wani makirci, tsufa ne da wauta. Maganar farko ta fi ba ni girma, ta biyu ta fi kusa da gaskiya. Don ko da ba a sa ledar nan ba, kati ɗaya ne cikin sittin a hannun mutum ɗaya, sai ya yi sa'a ma zai ja shi. Na haɗa wa mutane dami don yaƙin da ake yi a wata ƙasa, ban tsaya na dubi waɗanda za su zauna gabansu a Barnawa ba.

Wata huɗu ba wanda ya zauna a bencina. 'Yan wasan suka koma barandar wani mai aski a tsallaken titi, daidai inda zan riƙa ganinsu kowace Asabar. In mun haɗa ido sai su gaishe ni da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa. Awaki suka gaje bencin. Ba yunwa na ji ba, fotokwafi na ciyar da mu. Abin da ya ci ni shi ne bayan masaka ta rufe na ɗauka na gama zama wanda ake nema, katin nan ya dawo mini da hakan, ga shi na zubar da hannuna. Har na fara tunanin in raba wa jikoki kwalayen su yi wasan 'yar tsana.

Saura sati uku gasar Abuja, wata Asabar da hantsi, ina goge gilashin inji sai ga Sista Saratu ta sauko daga keke. Ta gaishe ni, ta gaida Mama Rahila, ta tambayi yara. Na fara kame-kamen ba da haƙuri a kan maganar da na yaɓa mata, ta ɗaga hannu ta ce ba wannan ya kawo ta ba. Ta ce ta yi waya da waɗanda suka san 'yan wasan Abuja, ta rubuta sunaye, kuma a cikin waɗanda za ta kara da su mutum tara suna da Mai Tsawa, wasu ma bibbiyu.

"Maganinka ba shi da laifi, Baba. Masu lafiya ka ɗura wa. Ni kuwa yanzu inda cutar take zan tafi."

Ta ce amma ba za ta yarda da raga sha biyar ba, kuma duk kiyashin da zan cire sai na gaya mata laifinsa. Na ce huɗu za su isa, in ta koyi riƙe wasu ƙananan a hannu maimakon zube su duka, yadda in tsawa ta sauka za ta sami na sake tashi. Ta ce to mu gani. Na ɗauko shimfiɗar roba da littafina, na ce ta shigo ciki, akwai wuta, fanka na aiki.

Ta ce a'a. Ta fita ta kori awakin, ta sa hankici ta kakkaɓe bencin, ta zauna tana fuskantar titi. Ta zaro kofin gasar daga jaka, wanda ba shi da wani aiki a wurin, ta dasa shi a gefe inda rana za ta haska shi. Sannan ta baje katinta, ta ɗaga murya fiye da yadda na taɓa jin ta, alhali taku biyu ne tsakaninmu.

"Baba Ishaya, zo ka duba mini aikinka kafin in kai shi Abuja."

Hirar barandar mai aski ta tsaya. Na zauna, na sa tabarau, muka fara: cakuɗa, ja bakwai, rubuta. Ban ɗaga kai ba, amma ina jin idanu a kan wuyana. Muna ja na goma sha tara inuwar mutum ta faɗo kan shimfiɗar. Malamin lissafi ne, yana tsaye da kwalinsa a hammata. Sista Saratu ta ɗan matsa gefe ba tare da ta dube shi ba, ya zauna a ƙarshen bencin, ya ɗora kwalin a cinya yana jiran in gama da ita.